Mansura Tsakanin Bilbis da Damba

Damba, Gusau
Ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki? Ina fata kumburin ya sauka. Ya mutanen Bilbis, ya kuma haƙuri da wannan zama na rashin waya? Mu nan Gusau an maido mana da sabis, amma duk sanda na kira layinki sai a ce a kashe yake. Shi ya sa na ce bari in koma irin ta da, in rubuta in ba Zakari direba tunda ta wajenku yake lodi. Alhaji yana gaishe ki, yara ma duk suna gaishe ki.

Na san hankalinki yana kan ɗiyarki, to ki kwantar da shi. An gama mata rajista, ta samu wuri a ɗakin kwanan 'yan mata da ke cikin kwalejin. Su shida ne a ɗakin, ita ta samu gadon ƙasa kusa da taga. Alhaji ya so ta zauna nan gida ta riƙa zuwa tana dawowa, ta ce a'a, ke kika ce ta zauna cikin makaranta don ta maida hankali. Muka ce to, maganar Yaya ce gaba.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kai mata abinci, in zauna bakin gadonta har la'asar. Makon jiya kuma shugaban kwalejin ya kira taron iyaye a kan tsaro da ƙarancin ruwa. Da yake babu yadda saƙo zai iske ki a kan lokaci, ni na je. Maza ne suka cika zauren, amma sai da na miƙe na ce famfo ɗaya ba zai ishi 'yan mata masu yawa haka ba, kuma ba mu yarda su riƙa fita bayan katanga neman ruwa ba. Har tafi aka yi mini, kunya ta kama ni.

Kada ki tsorata da wannan: ta ɗan yi zazzaɓi, aka kwantar da ita a asibitin makaranta, ni na zauna da ita. Ta warke sarai, ta koma aji.

Yaya, ashe haka Mansura take da ban dariya? Tana kwance ana ƙara mata ruwa tana kwaikwayon muryar malaminsu, har mai jinyar ta kasa riƙe allura don dariya. Wallahi ji na yi kamar ranar na fara ganinta. Allah Ya saka miki da alheri, kin yi tarbiyya.

Ƙanwarki,
Sadiya

*

Bilbis
Ranar Laraba

Sadiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Ƙafa da sauƙi, ina takawa har gona. Ki gaida Alhaji da yara. Nan lafiya lau sai abin da ba a rasa ba. Ana ta yankan dawa, kowa da ido ɗaya a gona, ɗaya a bakin daji.

Ki yi haƙuri da rubutuna, na makarantar yaƙi da jahilci ne, bai kai naki kyau ba.

Na karanta takardar na sake karantawa. Na ji daɗin gado, na ji daɗin ruwa. Amma abu guda ya tsaya mini a wuya, kuma kin san ni, ba na iya haɗiye magana. Kin rubuta sunanta. Tun ranar da aka yaye ta, Kawu Yari ya ɗauko ta a tsakar gidanmu na Nahuce ya ɗora mini ita a baya, ya ce tunda Allah bai ba ni haihuwa ba ga tawa, ban taɓa jin sunan nan a bakinki ba. Kunyar ɗiyar fari kike yi. "Yarinyar nan" kike cewa, ko "ɗiyarki". In na kawo ta Gusau da salla, kallon bango kike yi in ta gaishe ki. Yanzu wata biyu bai cika ba da shigarta kwaleji, har kunya ta tashi? Ba laifi na ce ba. Tambaya ce kawai.

Sannan zazzaɓin. Zakari kullum yana hanya. Da kin ce masa da baki "faɗa wa Rabi ɗiyarta na kwance", ko da rarrafe da na zo. Sai bayan ta warke ake ba ni labari kamar maƙwabciya.

Tunda ke ce kusa, bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba. In ba ta da lafiya ba ta son shayi, za ta karɓa don kunya ta ajiye ƙarƙashin gado. Kunun tsamiya take sha, ba sukari. Kuma wannan ban dariyar da ya burge ki, ki yi hankali da shi. In kin ga tana yawan sa mutane dariya, to tsoro take ji ko wani abu na cin ta. Ranar da muka rufe Malam Umaru, mijina, ita ta riƙa sa masu zaman makoki dariya, da dare ya yi sai ta jiƙe mini zane da hawaye.

Ga ƙuli-ƙuli nan, da yajin daddawa, da garin kunu. Nata ne. Ki ce mata takardar da ta aiko mini gajera ce ƙwarai, ko takardun makarantar sun yi tsada ne?

Na ji ana wani biki na rantsar da sababbin ɗalibai, su sa doguwar riga da hula. Ki sanar da ni ranar. Na riga na kai ɗinki.

Yayarki,
Rabi

*

Damba, Gusau
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kin wuni lafiya, Allah Ya ƙara sauƙin ƙafa, Ya sa a kwashe amfanin gona lafiya. Mu ma lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura.

Saƙo ya iso kuma na kai mata da hannuna. Yajin nan kam bai kwana biyu ba, 'yan ɗakinsu suka taru a kansa. Wata 'yar Ƙaura ta ce in roƙe ki ki riƙa yi da yawa, za su saya.

Maganar suna, Yaya, ban ma lura na rubuta ba. A makaranta ba a san "yarinyar nan" ba. In na je ƙofa dole in faɗi sunan wadda na zo nema, in ba haka ba mai gadi ba zai bar ni in shiga ba. Tun ina jin nauyi har bakina ya saba. 'Yan ɗakinsu ma yanzu da sun hango ni sai ihu, "Ga Maman Mansura!" Na ce musu tana da Innarta a Bilbis, amma kin san yaran yanzu.

Maganar zazzaɓi kuwa ita ta hana. Ta ce in kika ji za ki kamo hanya, ga ƙafa ga halin da hanya take ciki. Na gode da kika faɗa mini zancen kunu. Sai dai ta fara shan shayi yanzu, in an sa citta da yawa. Tare muke sha.

An kafa kwamitin iyaye, sun sa ni a ciki, ni ce mai kula da ɓangaren 'yan mata. Muna da zaure a waya da muke tattaunawa da malamai. Har mun sa an gyara fitilun hanyar ɗakin karatu, an kuma fara haƙa sabuwar rijiyar burtsatse. Na fahimci abu guda: yaran nan ko sun girma suna son su ga nasu yana leƙowa. Akwai waɗanda tun da aka kawo su ba wanda ya zo duba su, in na kai abinci sai in ƙara hannu saboda su.

Bikin rantsarwar Alhamis ta sama ne. Amma Yaya, ba sai kin zo ba. Mu da muke kusa mun isa. Zan sa a ɗauki hoto a wanke in ba Zakari ya kawo miki.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Sadiya

*

Bilbis
Ranar Juma'a

Zuwa ga Kawu Yari, Nahuce,

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa irin ta ɗiya da uba. Ya ƙarfin jiki, ya idon naka? Ya mutanen gida, ya Bunguɗu? Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ni lafiyata lau a jiki.

Kawu, ƙara na kawo, kuma kai ne za ka ji ta, don kai ka ɗora mini Mansura a baya da hannunka.

Ka san ta shiga kwaleji a Gusau. Ni na sayar da tumakina na kai ta har ta kai nan, ba gori nake ba, ɗiyata ce. To tun da ta shiga, Sadiya ta mamaye ta. Ita ce kai abinci, ita ce taron iyaye, ita ce kwamiti. Da na ce zan zo bikin rantsar da su, ta rubuto mini, ga takardar nan a gabana: "Ba sai kin zo ba, mu da muke kusa mun isa." Kawu, sun isa. Ni ce ragowa.

Jiya na je. Ban faɗa wa kowa ba. Na sa sabon ɗinkina, na dafa dambun zogale irin wanda take so, da gyaɗa da man shanu, na zuba a kwanon nan nawa mai murfi shuɗi. Na shiga motar farko. Muka sha tsayawa wajen sojoji, ana sauke mu ana duba kaya, ƙafata ta kumbura kamar ba tawa ba. Ban damu ba.

Na iske makarantar cike, rumfuna, masu hoto, yara cikin dogayen riguna sai ka ce limamai. Na yi ta kutsawa ina leƙa fuskoki. Can na hango ta gindin wata bishiyar dogon yaro. Na buɗe baki zan kira ta ke nan sai na ga wadda ke gabanta.

Sadiya ce, da allura a baki, tana gyara mata hular da ke zamewa. Atamfa iri ɗaya suka sa, ashe anko ta yi musu. Mansura ta faɗi wani abu suka tuntsire da dariya tare, sai na ga wushiryarsu iri ɗaya, yadda suke kare baki da bayan hannu iri ɗaya. Shekara goma sha shida ina kallon fuskar yarinyar nan, ban taɓa ganin Sadiya a cikinta ba sai jiya. Wata mata kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Baiwar Allah, dubi waɗancan, uwa da ɗiya kamar an tsaga kara." Na ce, "Ƙwarai kuwa." Ta ce, "Ke taki tana ina?" Na ce ban gan ta ba tukuna.

Na tsaya a bayan wata mota har mai hoto ya jera su, Alhaji a dama, Sadiya a hagu, ƙannenta a gaba. Ba inda aka bar gurbi. Na duba da kyau, Kawu, ko za ta waiwaya tana neman wani a cikin taron. Ba ta waiwaya ba.

Na nemi ɗakin kwanansu na ba mai gadi kwanon na ce a ba Mansura ta Bilbis. Ya ce in ji wa? Na ce ba sai an faɗa ba. Na koma tasha. Kafin la'asar ina gida, na cire ɗinkin na ninke.

Ba na son in yi wa Sadiya baƙin ciki, ita ta haife ta, ban manta ba. Amma wallahi Kawu in na tuna allurar nan a bakinta sai in ji kamar ƙirjina zai tsage. Ni na yi goyo, ni na yi jinyar ƙyanda, ni na raka ta firamare tana kuka. Yanzu da ta zama mutum, ta sa rigar da ake ɗaukar hoto, sai mai ita ta fito.

Ka faɗa mini gaskiya. Kyauta kuka ba ni ko aro? In aro ne in sani, in fara koyon zama ni kaɗai tun yanzu.

Ɗiyarka,
Rabi

*

Damba, Gusau
Ranar Litinin

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki gafarce ni, yau gaisuwata gajera ce.

Mansura tana wurinki? Don girman Allah duk wanda ya fara fitowa daga Bilbis ki ba shi amsa ya kawo mini. Yau da safe ta bar makaranta. 'Yar Ƙaura ce ta kira ni ta ce ta ɗauki jaka ta ce za ta gida. Na kira ta, wayar ta shiga sau ɗaya, daga nan shiru, ta fita inda sabis yake. Kuma tun hantsi ake ta cewa an tare hanya wajen Tsafe. Alhaji yana tasha tun ɗazu yana tambayar direbobi. Jibi Laraba suna da gwajin aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje, wanda malaminsu ya ce duk wanda bai yi ba sai ya maimaita darasin baɗi.

Kin zo ranar Alhamis. Da mai gadi ya miƙo kwanon, ko buɗewa ba ta yi ba ta ce, "Inna ta zo." Ta ruga ƙofa da rigar bikin a jikinta, ta zaga makarantar nan kaf, ta je tasha. Da ta dawo ta tsaya a gabana ta ce, "Hajiya, me kika rubuta mata?" Na faɗa mata. Ta dube ni kallon da ba wanda ya taɓa yi mini. Tun ranar ba ta ɗauki wayata ba. Juma'a na kai abinci aka ce tana ɗakin karatu, na je ba ta can.

Kin ji abin da take kirana? Hajiya. Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari ni ma in faɗi tawa.

Kina ganin na ƙwace miki ita. Me na samu? In ta zo gidan nan a bakin kujera take zama kamar baƙuwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi kwana. In na kai abinci ta ci ta ce da daɗi, sannan ta ce, "Inna kuwa daddawa take ƙarawa." In na saya mata mayafi ta ce bari ta ajiye sai Inna ta gani. Ankon da muka yi, sai da na roƙe ta kafin ta sa. A asibiti da zazzaɓi ya yi zafi ta riƙa kiran "Inna, Inna", na matso na ce ga ni. Ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Ba ke ba." Ta juya ga bango. Ban rubuta miki wannan ba, na rubuta miki ban dariya, don ina jin kunyar ki san yadda kika fi ni.

Ina da shekara goma sha tara aka ɗauke ta daga cinyata, aka ce kunya, aka ce zumunci. Nonona ya yi ta zuba ina ɓoyewa. Ke kika ga haƙorinta ya faɗi ya sake fitowa, ke kika ga saukarta ta Alƙur'ani. Ni Juma'a kawai na samu, daga azahar zuwa la'asar. Ita ma ta yi miki yawa?

Cewa da na yi kada ki zo, saboda hanya ne. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, da na rubuta "mun isa" na ji daɗin rubuta shi. Na so a yi rana ɗaya tak da za a ce tawa ce.

In wani abu ya same ta a hanyar nan, ni da ke muka jawo.

Sadiya

*

Nahuce, Bunguɗu
Ranar Litinin

Rabi,

Wa alaikumus salam. Na amsa gaisuwa, Allah Ya yi miki albarka. Ido sai a hankali, da gilashi nake wanga rubutu. Mutanen gida lafiya.

Na ga ƙararki. Ba zan yi shari'a ba, don ban ga wanda ya yi sata ba.

Zancen kada ki zo, ni na ce. Sadiya ta zo nan duba ni, ta ce kin kai ɗinki za ki zo biki. Na ce ta rubuta ta hana ki, hanyar Tsafe ba ta mai ciwon ƙafa ba ce, in aka ce a gudu ba ki iya gudu. Ita har cewa ta yi, "Kawu, Yaya za ta ji haushi." Na ce ta ji, in dai tana da rai. In kina neman wanda za ki yi fushi da shi, ga ni a Nahuce.

Kin tambaye ni kyauta ko aro. Rabi, ba akuya na ba ki ba. Mutum na ba ki, kuma mutum in ya girma ƙafafunsa nasa ne. Ranar da na ɗora miki ita kina murna, ba ki ga wadda ta shige bayan rumbu ba. Ni na gan ta.

Ɗana Yazid ya yi shekara huɗu yana karatu a Sakkwato, ban san ko ƙofar makarantarsu ba. Ya gama ya ce mini, "Baba, ranar da aka ba mu shaida kowa da nasa, ni da direban tasha muka yi hoto." Har yau in na tuna ba na jin daɗi. Wagga yarinya ta samu mata biyu masu son zuwa, ku kuma kuna neman ku sa ta gwammace ba ta da ko ɗaya.

Abin da bai yi mini daɗi ba, ki sha wagga hanya ki je har gabanta ki juyo. Me kike so ta yi in ta gane?

Ki gaida mutanen Bilbis.

Kawunki,
Yari

*

Bilbis
Ranar Juma'a

Sadiya, ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji, ina ba ku haƙurin tashin hankalin da kuka shiga. Na san saƙon baki da na ba wani mai mota jiya ya iske ku. Lafiyarta lau. Ga ta nan, ita ce ta kawo miki wannan takarda da hannunta.

Ranar Litinin ba su wuce ba. Direbansu ya ga motoci na juyowa ya koma da su cikin Tsafe, ta kwana gidan wata mata da suka haɗu a mota, Allah Ya saka mata. Talata da hantsi ina tsakar gida ina sheƙe dawa na ji sallamarta. Ta yar da jaka ta faɗa jikina.

Zan faɗa miki abin da na ji, ko da za ki raina ni. Daɗi na ji. Ban ce me ya kawo ki ba, ban ce makaranta fa. Cewa na yi a raina, ta bar su ta zo wurina. Na yanka mata kaza. Na kai ta gidajen maƙwabta ana ganin 'yar kwaleji. Ta yi ta sa mu dariya, tana kwaikwayon sojojin hanya, tana kwaikwayon mai gadinsu. Ni da na ba ki darasi a kan dariyar nan, ni ce na zauna ina ƙyaƙyatawa, ban ga komai ba. Laraba ta zo ta wuce muna tsinkar zogale.

Jiya Alhamis Zakari ya samu hanya, ya kawo takardarki da ta Kawu a tare. Na karanta taki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune.

Na shiga ɗaki na iske ta tana ninke mini kaya. Na ce, "Mansura, gwajin Laraba fa?"

Ta ce, "Ya wuce, Inna."

Na ce, "Kin san da shi kika taho?"

Ta ce, "Na sani."

Na ɗaga hannu, wallahi tun tana 'yar shekara bakwai rabon da in ɗaga mata hannu. Ba ta kauce ba. Ta ce, "Ki doke ni, amma ba zan koma ba. Na gaji. In na ci abincin Hajiya sai in ji kamar na ci amanarki. In na ambace ki sai in ga fuskarta ta canza. Ina aji malam na magana, ni ina lissafin wa na ɓata wa rai wannan makon. Ranar biki na so in ce a ajiye miki kujera, na ji tsoron ta ji ba daɗi. Na so in riƙe hannunta a hoto, na ji tsoron ki gani. Gara in zauna nan in taya ki noma, kowa ya huta."

Na sauke hannuna. Na ce, "Kina son ta?"

Ta sunkuyar da kai, tana jin tsorona. Ɗiyata, tana jin tsoron ta ce tana son uwar da ta haife ta. Can ta ce, "Tana da kirki, Inna. In ta zo duk ɗakinmu murna ake yi."

Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Har yanzu da nake rubutu yana yi. Amma na ce mata ta haɗa jakarta, ban sayar da tumakina don ta dawo ta tsinki zogale ba. Ta yi kuka, na yi, muka ci sauran kazar.

Na karanta abin da kika ce na asibiti. Da an faɗa mini shi wata guda da ya wuce da na yi guɗa. Jiya kuwa kasa barci na yi. Ban san haka kike ba, Sadiya. Ina can ina ƙirga abin da kika samu, ban taɓa ƙirga abin da aka ɗaukar miki ba. Ba zan ce na daina kishi ba, ƙarya ne. In an gama yankan dawa zan zo, kuma a gidanki zan sauka, ki kai ni makarantar in ga gadon nan na kusa da taga, ki nuna mini ɗakin karatun da kuka sa wa fitila. In na ga abin da ya ɓata mini rai zan faɗa miki a gabanki, ke ma ki faɗa mini. Ita dai mu cire ta daga ciki.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ta ce shugaban sashensu yana iya ba ta dama ta yi gwajin in iyaye suka je suka yi bayani, yana kuma iya ƙi. Na so in rako ta, na yi tunani na ga ba ni da amfani a can. Ban san ofis ba, ban san wa ake gaisarwa ba, kuma in ya ce a'a, ko dai in yi kuka ko in yi faɗa, duka biyun ba za su taimake ta ba. Ke sun san ki, sun ga aikinki. Ki kama hannunta ku je ranar Litinin. Ki faɗa masa gaskiya, laifin manya ne, ba na yarinya ba. In ya ƙi, to ta maimaita baɗi, mu biyu muka ja mata, mu biyu za mu ɗauka.

In ya tambaye ki ke wace ce a wurinta, kada ki tsaya kame-kame. Ki ce ke ce uwarta. Ki faɗa da ƙarfi, ni ina Bilbis, ba zan ji ba.

Yayarki,
Rabi